Bello Ya Yi Kuka

Yaya Umaru,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya zaman Kumasi? Inna na gaishe ka.

Maganar ƙanenmu Bello ce. Tun ranar da aka buɗe wa manoma wuta a bakin madatsar ruwa, amininsa Isa ya cika a hannunsa, Bello bai koma daidai ba. Ba barci, ba dariya. An yi masa haihuwa, ya ƙi ɗaukar yaron. Ranar suna da ya ga jinin rago ya fice, sai a ƙauyen Dakko aka samo shi.

Kowa "yi haƙuri" yake ce masa, har na gaji da ji. Kawu ne ya kai shi asibiti a Mafara. Wani ma'aikacin jinya yakan zauna da shi duk ranar kasuwa, ya bar shi ya yi ta magana. Ma'aikacin ya ce mana haƙurin da muke ba shi ne ya toshe masa baki.

Shekaranjiya Bello ya ambaci Isa, ya yi kuka kamar ransa zai fita. Har yanzu bai ɗauki yaron ba, amma ya tambayi sunansa.

Ka sa shi a addu'a, ka gaishe min da yara. In za ka rubuto masa, don Allah kar ka ba shi haƙuri. Ka tambaye shi labarin Isa.

Ƙanwarka,
Hajara, daga Bakura