Na Jera Sunayen Manoma Bisa Harafi, Tumatirin Inna Ya Ƙone

Malama Fa'iza, don Allah ki ba ni shawara kafin ranar Asabar, domin na yi ɓarna kuma wani ake zargi da ita.

Ni ne sakataren ƙungiyar masu noman rani a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure. Mu talatin da ɗaya ne a kan ƙaramin kanal guda, kwana uku ake sako mana ruwa a mako. Shugabanmu ƙanin mahaifina ne, Baffa Baballe. Shekara goma sha biyu yana raba ranakun ban ruwa daga wani tsohon littafi da ya rubuta da ajami, ba a taɓa jin kansa da kowa ba.

Bana na shiga koyon rubuta manhaja a Kura. Aka koya mana jeri, wato ka tara sunaye wuri guda kowanne da lambarsa, da kuma lup, umarnin da ke bin jerin ɗaya bayan ɗaya yana bugawa. Da na ga layi shida na umarni sun fitar da jadawalin ban ruwa na mako takwas, gaskiya kaina ya kumbura. Na karɓi littafin Baffa na kwafe sunayen, sai na ga a hargitse suke. Na sa kwamfuta ta jera su bisa harafi, na buga, na manna a bangon masallaci. Baffa ba ya karanta boko, ya dai shafa takardar ya sa mini albarka. Su kuwa mutane da suka ga bugun inji sun zaci daga ofis ta zo, ba wanda ya yi musu.

Ashe littafin ba a hargitse yake ba. Daga wutsiyar kanal yake farawa, saboda ranar farko ce kaɗai ruwa ke da ƙarfin isa can. A nawa jadawalin, Amiru, wanda gonarsa ke bakin ƙofar ruwa, ya zo farko, Inna Ummukulsum da ke can ƙarshe ta faɗa rana ta uku. Mako biyu ruwa bai kai fangalinta ba, dashen tumatirinta ya ƙone. Amiru kuma surukin Baffa ne. Yanzu cewa ake yi Baffa ya yi son kai, ranar Asabar za a zauna a kan cire shi. Bai tambaye ni komai ba, wannan ne ma ya fi ci mini rai. Na yi tunanin in gyara jadawalin in sake mannawa shiru, ko in ce kwamfuta ce ta rikice. Ina tsoron idon jama'a, ba zan ɓoye miki ba.

Sakatare, daga Kura

Malam Sakatare, kwamfuta ba ta rikice ba, abin da ka ce ta yi shi ta yi, har sau takwas. Kada ka ɗora mata. Ranar da wani ɗan ajinku ya ji wannan uzurin, ka tashi daga mai kuskure ka koma maƙaryaci.

Ba mugunta ka yi ba, kuma jera sunaye bisa harafi daidai ne a rajistar makaranta. Laifinka shi ne ka ga tsarin da ba ka gane ba, ka gyara shi ba ka tambaya ba. Shi ma Baffa yana da nasa kason, tunda ya bar dalilin tsarin a kansa shi kaɗai, ya kuma amince da takardar da ba a karanta masa ba. Amma wannan sakaci ne, abin da ake jifansa da shi kuwa cin amana ne.

Gyaran manhajar ba wuya. Ka mayar da jerin yadda yake a littafin, ka cire umarnin jerawa, ka ƙara shafi mai nuna matsayin kowace gona daga wutsiya. Idan ka buga, ka karanta wa Baffa da baki suna bayan suna, sannan ka taka kanal ɗin da takardar a hannu kafin ka manna. Kada kuma ka daina zuwa aji saboda wannan.

Mannawa a ɓoye ita ce ban yarda da ita ba. Za a ce asirin Baffa ne ya tonu ya gyara. Ka je wurinsa yau, daga nan ka wuce gidan Inna Ummukulsum, ka bar mata ranarka ta ruwa, ka nemo mata dashe idan lokaci bai ƙure ba. Ranar Asabar ka nemi magana kafin kowa, ka ɗaga takardar ka ce kai ka jera ta. Mai yiwuwa su karɓe sakatarancin, ka shirya wa hakan.

Tumatirin da ya ƙone ya riga ya ƙone. Sunan dattijon nan ne bai kai ga ƙonewa ba tukuna, kuma kai kaɗai ka san gaskiyar da za ta wanke shi. Allah Ya ba ka ƙarfin zuciya, Ya daidaita tsakaninku.

Fa'iza