An Faɗi Sunan Tsohuwa

Zuwa ga Yaya Hassi a Kumasi,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Malam da yara. Ya baƙunta, ya ciwon ƙafarki? Ki yi haƙuri da rubutuna, hannu bai saba ba.

Wani likita Bature ya zo Illela da malaminsa mai tafinta, suka tara mu suna koya muna wane ganye ke magani, wane ke kisa. Mun ƙaru ƙwarai. Sai suka nemi Gwaggo ta kai su ga bishiyar bakin tafkin Kalmalo, wadda muke kira Tsohuwa don ba a faɗin sunanta na gaskiya. Kin san ba a sassaƙarta sai da sallama, kuma baki rufe. Malamin ya sa wuƙa yana ta surutu, ya ce, "Gwaggo, mi sunanta? Bishiya ce fa, ba surukarki ba." Aka yi dariya, kunya ta kama ta, ta faɗa.

Tun ranar sassaƙen ya daina yi wa ɗiyata Hajo maganin farfaɗiya. Jiya da rana tsaka ta faɗi gindin turmi, kumfa na fita, tana kiran sunan nan. Yaya, Hajo ba ta je Kalmalo ba, kuma ba wanda ya gaya mata shi.

Gwaggo ta ce akwai irinta wajenku. In fatake za su taso, ki sassaƙo muna da hannunki, kada ki ce uffan. Ki ce wa Malam ya sa Hajo a addu'a, don Allah. Ki gaida mutanen gida.

Ƙanwarki,
Ige