Jikata Za Ta Koyi Yaren Waɗanda Suka Kashe Mini Saƙa

Daavi Mawuse, ki taimake ni, barci ya gagare ni. Ban yi boko ba, kuma ban yi nadama ba. Maƙwabcina ke rubutawa ina faɗa, na kuma gargaɗe shi kada ya gyara mini magana.

Ni masaƙin kete ne, wato zanenmu na gargajiya, a Kpetoe, haka ubana, haka kakana. Akwai zanen da ubana ya ƙirƙira shekarar ambaliya, ya sa masa suna "Ruwa Ya Ci Gona". Manya kaɗai ke yafa shi. Bara na je kasuwar Ho, sai ga shi an buga da inji a ƙasar Sin, an yi silifa da shi! Ana taka sunan ubana a cikin taɓo. Yanzu sai in yi wata ba wanda ya leƙo rumfata.

To jikata Esinam, marainiyar da na raina da tuwon akple da miyar kuɓewa, ta gama sakandare, wai yaren mutanen nan za ta karanta a jami'a, har da al'adunsu. Na ce duk yarukan duniya ta rasa sai na ɓarayi? Ta ce wai wanda bai ji maganar mutum ba, ba ya iya yi masa ƙorafi. Har da cewa ai tun tana ƙarama ta roƙe ni in koya mata saƙa na kore ta. Na kore ta mana! Ai a wurinmu macen da ta hau masaƙa ba ta haihuwa. Ba ni na kafa dokar ba. 'Ya'yana maza da na koya wa fa, duk suna Accra suna tuƙa mota, ko gaisuwa sai an mutu.

Ni dai na san sana'a a gidanta ake koyonta, don haka yaren Sin sai a Sin. Wani mai kwat ya zo ya ce zai kai ta, amma kuɗin da ya ambata ko gonar kwakwar manjata ba za ta biya ba. Ya ce in ba shi asalin zanen ubana da ke cikin akwati, ya san mai saye. Ita kuwa ta ce in na hana, bayan bikin kete za ta tafi Accra aikin kanti. Ita kaɗai ta rage mini. Akwai makarantar talaka ta wannan yare, ko in buɗe akwatin?

Tsohon Masaƙi, Kpetoe

Togbe, ina gaisuwa da girmamawa. Kada ka buɗe akwatin nan. Mutumin da ya fara da tambayar kayan gadonka ba karatun Esinam ne ya dame shi ba. Ka sallame shi.

Ba sai an je Sin ake fara yaren ba. Akwai jami'o'in gwamnati a ƙasar nan da ke koyar da shi, kuɗinsu bai kama ƙafar na waje ba. Esinam ta je da kanta ofishin ɗaukar ɗalibai, ba ta hannun dillali ba, ta tambayi kuɗin shekara da na ɗaki, da rancen ɗalibai, da ko ana tura masu ƙoƙari can da tallafi. Ta haɗa yaren da wani fanni kamar kasuwanci, don ta samu abin yi. Ka kuma kira 'ya'yan nan naka na Accra, 'yarsu ce, su sa hannu.

Fushinka yana da dalili, ni ma silifan nan ya ƙona mini rai. Amma Togbe, yarinyar nan sau biyu ke nan tana neman hanyar tsaya wa saƙarka. Na farko ka rufe ƙofa. Ba zan yi gardama da kai kan masaƙa ba, ko da yake na san mata masu saƙa da goyo a bayansu. Sai dai babu dokar da ta hana mace sanin sunayen zane da labarinsu. Kafin ta tafi, ka fito da na mahaifinka ka shimfiɗa mata, ka gaya mata wace gona ruwan ya ci. In ba ta ji daga bakinka ba, me za ta faɗa musu da yaren nasu?

Allah ya ƙara maka lafiya, ya nuna maka ranar da za ta yafa zanen nan.

Daavi Mawuse