Tsuntsu na Shida a Teburin Surukata

Gwaggo, don Allah ki taimake ni da shawara, na kai matsayin da ko abinci ba na jin ɗanɗanonsa. Wata uku ke nan ina dakon wata magana a cikina, ko matata ba ta sani ba, kuma kwana goma sha biyu kacal suka rage asirina ya tonu. Ki yi haƙuri idan na yi ta kewaye-kewaye, ban saba kai ƙarar kaina ba.

Ni malamin lissafi ne a makarantar sakandare. Aikin katako ba sana'ata ba ce, sha'awa ce ta kama ni da girmana. Shekara takwas da suka wuce na mayar da garejin gidanmu wurin aiki, mota ta koma kwanan waje. Duk ranar Asabar abokaina biyu suna zuwa, ɗaya mai shagon magani, ɗayan kuma muna kiransa Injiniya ko da yake bai taɓa shiga ajin injiniyoyi ba, yawan bayani ne ya jawo masa sunan. Mu yi ta yanka da bugu, mu sha shayi, mu yabi juna. Mun yi kantoci, mun yi benci, mun yi gadon yara. Matata ta raɗa mana suna kafintocin Asabar. Duk baƙon da ya shigo gidana sai na ja shi gareji ya ga injunana, ko yana so ko ba ya so.

Mahaifin matata, Baba, Allah ya jiƙansa, shi ne kafinta na gaskiya. Aikinsa ado ne da katako. Yakan samo katako iri-iri, fari da ja da baƙi da ruwan zuma, a fere shi siriri kamar farce, ya yanka ƙanana-ƙanana, ya jera ya manna a fuskar tebur ko akwati har su zama hoto, ba tare da ɗigon fenti ba. Sau uku yana ce mini in zo in zauna kusa da shi in gani. Sau ukun ina cewa to, in sha Allahu, ban je ba. A raina cewa nake wannan ai ɓata lokaci ne, mutum ya share wata shida a kan tebur guda, ni kuwa Asabar biyu na gama kanta. Sau ɗaya ya taɓa shiga garejina. Ya shafa wata kanta da na yi da tafin hannunsa, ya ce za ta riƙe kaya. Iyakar abin da ya ce ke nan, ni kuma na yi mako guda ina jin haushinsa. Yau shekararsa huɗu da rasuwa.

A ɗakin surukata, Mama, akwai wani ƙaramin tebur da Baba ya yi, kullum yana gefen taga kusa da kujerarta. Hoton reshen bishiya ne a kansa da tsuntsaye a jere. Man da aka shafa masa ya tsufa ya yi duhu, ga tabon gindin kofi nan da can. Idon Mama ya yi rauni sosai, sai 'ya'yanta suka yanke shawarar ta dawo gidanmu da zama a ƙarshen wannan watan. Ranar da ake maganar, ba wanda ya tambaye ni, na buɗe baki na ce bari in tafi da teburin in sabunta shi kafin ta tare. Babban wan matata ya ce a bar shi yadda yake. Na ce haba, aikin awa biyu ne. Mama ta ce in ɗauka, ai ni ma ɗa ne, kuma a gidan nan ni kaɗai na gaji hannun Baba. Kaina ya fasu, na ɗauki tebur na sa a mota.

Gwaggo, injin samfefa na sa masa. Na san adon siriri ne, amma na yarda da hannuna fiye da kima. Da farko abin ya yi kyau, duhun yana tashi, launuka suna fitowa kamar an wanke su. Tsuntsu biyar suka fito tas. Na shidan ɗan ƙarami ne fari, yana can ƙarshen reshe shi kaɗai. Na lura wurin ya ɗan lotsa, ya fi ko'ina sulɓi, sai na ce bari in danna injin in daidaita shi da sauran. Ban kai ƙirga biyar ba. Da na ɗaga injin, babu tsuntsu. Wutsiya ce kawai da ƙafa ɗaya suka rage, sauran wurin katakon ƙasa ne tsirara. Na tsaya da inji a hannu yana ta kuka, na ma manta yadda ake kashe shi.

Da Asabar ta zagayo na nuna wa abokaina. Mai magani ya ciro gilashin da yake karanta ƙananan rubutu da shi, muka sunkuya a kan sauran tsuntsayen. A fiffike ɗaya ya ƙirga yanka ashirin da uku, kowane gashi da nasa, kuma jijiyar katakon ta bi inda gashin ya nufa. Ko bakin reza ba zai shiga tsakanin yanka da yanka ba. Inuwar da ke gefen gashin mun ɗauka fenti ce, daga baya muka gano ƙuna ce, a yashi mai zafi ake tsoma bakin kowane yanka. Injiniya, wanda bakinsa ba ya hutawa, abin da ya ce kawai shi ne, "Ashe mu saran itace kawai muke yi." Ranar shayinmu a kofi ya huce.

Na ce zan gyara kafin kowa ya sani. Na nemo farin katako siriri, na zana, na yanka. Zuwa yau na yi tsuntsu goma sha ɗaya. Na farkon ya fi kama da yankan albasa, na ƙarshen ya soma kama da tsuntsu, amma idan na ajiye shi kusa da na Baba sai kunya ta kama ni ni kaɗai a gareji. Ni da nake koyar da awo da kusurwa, na kasa fitar da baki ɗaya na ɗan tsuntsu. Na sayo kwaɗo na rufe garejin, na ce wa matata ƙura ce ba na so ta shiga gida.

Abin da ya ƙarasa ni ya faru makon jiya. Da safe ina ɗaura agogo zan fita, matata tana zuba wa yara shayi, sai ta ce in dai yi hankali da ɗan ƙaramin tsuntsun nan fari na teburin Mama. Na ce me ya sa. Ta dube ni da mamaki, wai ashe ban taɓa ƙirgawa ba? Su biyar ne a raye, tsuntsaye kuwa shida. Duk haihuwa Baba yakan ƙara tsuntsu ɗaya a reshen. Na shidan na ƙanwarsu ce, autar Mama, wadda ta rasu tana da wata bakwai, ko hotonta babu. Ta ce shekara talatin da wani abu, kullum Mama ta zauna a kujerar nan sai ta ɗora yatsa a kansa, yanzu da ido ya tafi ma da shi take gane teburin. Lotsawar da na danna wa inji, sawun yatsan Mama ne. Na ce to, na fita. Ranar na shiga ajin da ba nawa ba na yi minti goma ina koyarwa.

Yanzu shawara ta rabu. Injiniya ya ce in cike wurin da garin katako da gam, in zana tsuntsun da fenti, in shafe da mai, tunda Mama ba gani take yi ba. Mai magani ya ce in ce da na cire tsohon man haka na tarar da wurin ya ruɓe. Ni kuwa wani lokaci sai in ji kamar in sayar da injunan nan gaba ɗaya in mayar da mota ɗakinta, don ban ga amfanin mutum ya ci gaba da abin da ya tabbata bai iya ba. Abin da ya fi ci mini rai, mutumin da zai gyara wannan cikin sauƙi sau uku yana kirana ina yi masa girman kai. Ina jin kunyar matata, ina jin tsoron fuskar wanta, Mama kuwa ban san da bakin da zan soma ba. Jiya ma ta aiko a tambaye ni ko teburinta ya kusa. Me zan yi?

Naki cikin nadama,
Kafintan Asabar

*

Ɗana Kafintan Asabar,

Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma na tausaya maka. Abu na farko, ka ajiye samfefa da gam da reza, kada ka sake taɓa teburin nan. Duk abin da za ka ƙara masa yanzu ɓarna ce a kan ɓarna.

Bari in ba ka haƙƙinka. Da niyyar alheri ka ɗauki teburin, ba ka san labarin tsuntsun ba, kuma ƙwararru ma hannunsu yakan zarce. Wannan kuskure ne, ana yafe shi. Amma kwaɗon da ka sa wa gareji da ƙaryar ƙura, waɗannan ba hannu ne ya zarce ba, kai ka zaɓa, kuma kullum ka ƙara kwana a kansu suna ƙara nauyi. Ka lura da kyau, halin da ya hana ka zama kusa da Baba shi ne yake hana ka buɗe ƙofar nan: ba ka son a gan ka a matsayin wanda bai iya ba.

Abokanka suna ƙaunarka, amma shawararsu ba ta da kyau. Injiniya ya manta cewa ba da ido Mama take ganin teburin ba. Matar da ta shekara talatin tana shafa wuri ɗaya, a taɓawar farko za ta gane fenti da gam, kuma mai yiwuwa ta yi shiru don kada ta kunyata ka, ta zauna a gidanka da wannan a ranta. Shawarar mai magani ta fi muni, don ɗora wa aikin marigayi laifin da kai ka yi ne.

Ga abin da nake ganin ya dace. Yau ɗin nan ka kira matarka, ka buɗe garejin, ka nuna mata, ka faɗi yadda aka yi ba tare da ado ba. Za ta ji zafi, wataƙila ɓoyewar ta fi ɓata mata rai a kan tsuntsun. Ka bar ta ta yi fushinta, kada ka kare kanka. Sannan ku je wurin Mama tare, tun kafin ta tare, kada ta shigo gidanku ranar farko ta ci karo da wannan. Ku tafi da teburin yadda yake. Wan matarka kuma ka kira shi da kanka ka ce masa shi ne da gaskiya, ba za ka mutu ba.

Gyara ko rashin gyara, wannan hukuncin Mama ne, ba naka ba. Tana iya cewa a bar wutsiyar da ƙafar haka, tunda su ne hannun mijinta. Idan ta ce a gyara, ku tambaye ta cikin waɗanda Baba ya koya wa aiki wa ya rage, da wuya mai irin wannan hannu ya tafi bai bar kowa ba. Ku duba kuma ko ragowar katakonsa na nan a wani akwati. In an samu mai yi, ka roƙi ya bar ka ka zauna a gefe ka yi kallo, bakinka a rufe. Kiran da ka ƙi amsawa sau uku ba zai dawo ba, amma kujerar mai koyo tana nan.

Batun sayar da injuna kuwa, ban yarda ba. Wannan ma girman kan ne ya sake riga: ko in zama gwani ko in fasa. Baba bai raina kantarka ba, ya ce za ta riƙe kaya, kuma ina jin har yau tana riƙe da su. A bakin irinsu wannan yabo ne. Ku ci gaba da Asabar ɗinku, yanzu ne ma kuka san inda aikin ya nufa.

Tsuntsayenka goma sha ɗaya ka zuba su a aljihu ka tafi da su. Ba don su maye gurbin na Baba ba, sai don Mama ta taɓa su ta san ba wasa ka yi da kayanta ba. Ban yi maka alkawarin ba za ta yi kuka ba. Amma 'yarta ba a katako take ba, ta riƙe ta tun kafin a yanka tsuntsun, kuma injinka bai kai can ba. Idan kun zauna, kada ka bari yatsanta ya je ya nemi wurin shi kaɗai ya rasa. Ka faɗa mata da bakinka tukuna, sannan ka kama hannunta ka ɗora a kai da kanka.

Allah ya jiƙan Baba da 'yar autarsa, ya sanyaya zuciyar Mama, ya ba ka ƙarfin buɗe ƙofar nan yau.

Gwaggonku