Kwanon Likita Ya Zama Huɗu

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya zaman nesa da gida? Inna tana gaishe ka, Goggo ma haka. Matarka ta ce in rubuta maka cewa ta rame saboda kewarka. Na rubuta, amma ni ban ga ramar ba.

Wanda ya kamata ya rame a gidan nan ni ne, kuma abin ya tsaya. Ka tuna bara, bayan likita ta yi mini aiki ta rage mini tumbi, yadda na riƙa zubewa har wando yana neman gudu ya bar ni a titi? To yanzu sikelin asibiti ya kafe wuri ɗaya. Na cire hula, na cire agogo, har numfashi na riƙe, bai motsa ba. Malamar jinya ta ce in daina ɓata mata layi.

Gwiwa ta dawo da halinta. A shagon aski sai in aske wa mutum rabin kai in zauna in huta. Wani yaro ya tambayi dalili, na ce sabon yayi ne, ya tashi zai tafi da rabin gashi, da kyar na kamo shi.

A masallaci ina nan kan kujerar roba a ƙarshen sahu, tsakanin tsofaffi biyu. Ɗayan har ya yi mini wasiyyar sandarsa. Rannan liman bai zo ba, aka waiga ana neman wanda zai ja salla. Kowa ya san na riga ka sauke Alƙur'ani. Idanu suka zo kaina, suka sauka kan kujera, suka wuce gaba. Ban ji haushin kowa ba, ni ma da haka zan yi. Sai dai goshina ya daɗe bai taɓa ƙasa ba.

Likita ta ce akwai aiki na biyu, wanda za a karkata hanyar abinci ta tsallake wani sashe na hanji. Ta ce ya fi na farko nauyi. Inna ta ce cikina ba riga ba ne da za a mayar wa tela. Ni kuma ba zan kwanta a gaban wuƙa ba sai da yardarta. Ka rubuto mata, kai ne take jin maganarka, tunda ba ka taɓa saka mata ƙadangaren roba a cikin gyale ba.

Ka huta lafiya.
Ƙaninka, Tulu

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya kamar yadda muke. Wasiƙarka ta iso, na karanta wa Inna ba tare da na ƙara komai ba, Allah ne shaida. Ta saurara, ta sa maka albarka, ta ce a'a.

Ga abin da ya faru a asibiti, kafin matarka ta ba ka nata labarin.

Ka san bayan aikin farko likita ta ba ni wani ɗan kwano, bai fi kofin shayi ba, ta ce kada in wuce cikinsa a zama ɗaya. Inna ta karɓa ta riƙe. Goggo, da ta riga ta gan shi a hannuna, ta je ta sayo irinsa. Matarka ma ta saya. Hajiyar da gidanta ke jikin shagona ta ji labari, ita ma ta saya. Kowacce tana cika shi daidai baki, ba ta ƙara ko cokali, tana alfahari ita ce mai bin dokar likita. Babu wadda ta san da sauran. Kuma ka san ba a ce wa Goggo an ƙoshi. Na gwada sau ɗaya, ta zauna tana hawaye tana kiran sunan marigayi Baba, sai da na cinye na lashe kwanon.

To da likita ta ce kafin a yi maganar wuƙa tana son ganin mai ba ni abinci tare da kwanon, sai na bi su ɗaya bayan ɗaya. Na raɗa wa kowacce cewa ita kaɗai likita ke nema, kada ta gaya wa kowa don gudun ƙyashi.

Suka haɗu a bencin asibiti, kowacce ta ci ado, kowacce tana mamakin abin da ya kawo 'yar'uwarta. Da aka kira mu duk suka miƙe. Likita ta ce ina kwanon, jaka huɗu suka buɗe.

Ta jera su kan tebur. Malamar jinya ta fita da sauri, ina jin dariyarta a baranda. Goggo ta rantse nata ya fi ƙanƙanta. Matarka ta ce ita romo kawai take zubawa, ba ta ambaci abin da ke nutse a cikin romon ba. Hajiya ta ce ita lada take nema. Likita ba ta yi dariya ba. Ta juyo kaina ta ce kwanuka nasu ne, amma bakin nawa ne. Ban musa ba.

Hoto ya nuna tumbin ya sake buɗewa, don haka aikin yana nan. Sai dai ta ce ba za ta taɓa ni ba sai kwano ya koma ɗaya, ta gani a sikeli.

Muka koma gida ni da Inna. Da la'asar ta kira ni ɗakinta, ta tambaye ni ko wata yarinya ce ta raina ni nake son kashe kaina. Na ce mata kujera ce. Ashe ba ta sani ba. A masallaci ba ta ganina, a gida kuma ina rufe ƙofa in zan yi salla. Ta tambayi tun yaushe, na gaya mata. Ta ce in tashi in ba ta wuri.

Goggo ba ta amsa gaisuwata a halin yanzu. Matarka tana amsawa, amma da hanci.

Wassalam.
Ƙaninka, Tulu

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma ba ka haƙurin shirun da ka ji. Da fatan jiki da aiki duk lafiya. Kowa yana gaishe ka, har Goggo, wadda ta huce ranar da za a shiga da ni tiyata.

Kashegarin maganar kujera Inna ta bi gida gida ta karɓe kwanukan uku, ta zuba ƙasa a ciki ta shuka albasa a bakin taga. Ta kafa doka cewa duk mai son ciyar da ni ta kawo mata, ita za ta auna. Sikeli ya ɗan motsa, likita ta sa rana. Inna da kanta ta riƙe mini takalma a ƙofar ɗakin tiyata. Ba ta ce ta yarda ba, ta dai ce in na mutu ba za ta yafe mini ba.

Aikin ya fi na farko zafi. Na daɗe ina shan ruwa-ruwa da cokali kamar jinjiri, kuma akwai ƙwayoyin da aka ce ni da su har abada. Ina raguwa, amma a hankali, ba irin zubewar bara ba. Likita ta ce haka ake so. Na koma shago, yanzu ina gama kai guda a tsaye.

Jiya da azahar na bar ƙofa a buɗe, na ture kujera gefe. Na yi ruku'u, na dafa ƙasa, na sauka. Darduma tana da wani ƙamshi da na manta da shi. Na yi tasbihi, na ƙara, na ƙara, ban ga dalilin gaggawa ba.

Inna ta zo wucewa ta gan ni kife. Ta tsaya, ta kira sunana. Da ta ji shiru sai ta ce in dai wasan mutuwa nake mata, yau zan gane kurena, ta jefo mini takalmi a baya. Ban motsa ba. Sai na ji ta zauna a bakin ƙofa har na sallame.

Miƙewa ce ta gagara. Na ƙarasa sallar a zaune a ƙasa, bayan sallama kuma sai da Inna ta kira matarka da Goggo, suka kama ni hagu da dama suna faɗin ai da a ce suna ciyar da ni da ina da ƙarfin tashi.

Kujerar masallaci tana nan, ban bayar ba tukuna. Sauka na iya, tashi ya rage. Na dai gaya wa tsohon nan ya nemi wani magajin sandar.

In za ka zo kada ka kawo mini tsarabar ci. Ka kawo wando, ƙarami da na da, amma kada ka cika zumuɗi.

Allah ya sada mu da alheri.
Ƙaninka, Tulu, kafin a canza mini suna