Saƙon Inna Kan Takardar Wutar Gidan Haya

Zuwa ga ƙanena Iliyasu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Fadima da 'yarmu Ummi, kamar yadda muke nan Bagwai cikin rufin asirin Allah. Allah ya ƙara maka ƙarfin aikin da kake yi, ya sa sanyin Ingila ya zo muku da sauƙi. Na zaɓi in rubuto ne in ba Abdulƙadir, ɗan garinmu da zai komo wajenku, don na san halinka a waya: da na ɗauko magana mai nauyi sai ka yi dariya ka ce bas ɗinka ta iso.

Mu dai sai godiya. Damina ta yi kyau, amma takin zamani ya gagari kowa, da takin gida muka lallaɓa gonar bayan gari. Gero ya yi, masara kuwa ba ta ce komai ba. Kuɗin mota ya sa zumunci ya koma waya, ko Gezawa ban leƙa ba tun ƙaramar Sallah. Inna tana nan, sai dai idon ya ƙara ja baya, yanzu da murya take gane mutane. Tunkiyar da ta ware wa takwararta Ummi ta sake haihuwa, kuma duk wuyar da ake ciki ta hana a kai ko ɗaya kasuwa. Kullum da hantsi sai ta sa an kunna mata muryar yarinyar a waya, ta yi ta saurare har abin ya ƙare, ta ce a maimaita. Wallahi muna kewarku, Iliyasu. Shekarun nan sun yi mana tsawo.

To, ga abin da ya sa na ɗauki biro. Kada ka ga laifin Fadima, ni na matsa mata da na ji muryarta ba daidai ba. Ta ce soket ɗin ɗakin da Ummi ke kwana ya yi baƙi, yana ƙauri idan an kunna hita, kuma rannan wuta ta ja ta a kicin har cokali ya faɗi daga hannunta. Ga yarinya ta fara rarrafe, ba abin da ba ta kai wa hannu. Ta ce wata maƙwabciyarku ta faɗa mata cewa a can Ingila doka ta wajabta wa mai gida ya sa ƙwararre ya duba wayarin ɗin gida, ya kuma ba ɗan haya takardar sakamakon, in ya ƙi akwai hukumar da ake kai wa kuka. Ku kuwa tun shigarku ba ku ga ko ƙurarta ba. Ta tambayi dillalin gidan, ya ce sai da izinin mai gidan, Alhaji Dallatu. Kai kuma ka ce ba za ka iya buɗe baki ka tambayi Alhaji ba, wai mutumin Tofa ne, sa'an Baba, shi ya ɗauko ka daga filin jirgi ya ba ka gida ba tare da ya nemi mai tsaya maka ba. Wai neman takarda a wurinsa kamar ka ce ba ka yarda da shi ba ne.

Haba Iliyasu. Na san ka tun kana goye a bayana, ko tuwo aka manta ba a zuba maka ba sai dai ka kwana da yunwa. Kunya ado ce, ban musa ba, kuma alherin Alhaji ba abin mantawa ba ne. Amma wuta ba ta san ɗan gari ba. Ka tuna lokacin da Baba da Baffa Balarabe suka raba gonar gado? Uwa ɗaya uba ɗaya, ko musu ba a taɓa ji tsakaninsu ba, amma sai da suka kira mai unguwa da dattawa aka dasa gamba a kan iyaka. Wani ya ce ai wannan kamar rashin yarda ne, Baba ya ce ba don su aka dasa ba, don yaran da ke tasowa ne. Ga shi yau mu da 'ya'yan Baffa muna noma kafaɗa da kafaɗa, ba wanda ya taɓa ɗaga wa wani murya. Takardar nan ita ce gambarku.

Na so in ɓoye wa Inna, amma ka san kunnenta ya gaji aikin idonta. Tana ɓarar gyaɗa ta ji komai. Sai ta ture faifan ta ce in rubuta maka haka. Ta ce ta san nauyin da kake ji, don haka ta ɗauke maka shi. Ba kai za ka tambaya ba, ita ce. Ka shirya ka je har gida wurin Alhaji, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce tsohuwarka ta Bagwai tana godiya da riƙon da ya yi maka, kuma ta aiko ka ka karɓo mata takardar wutar ɗakin da takwararta ke kwana, a kuma turo mai gyara. Ɗan aike ba ya laifi. In ransa ya ɓaci, ya ɓaci da ita. In kuma ya hana, ta yafe maka ka bi hanyar hukuma, ba ka ci amanar kowa ba. Kafin nan kada a sake kunna komai a soket ɗin, ku dawo da yarinyar ɗakinku.

Ta ce idan ka karɓa ka ɗauki hotonta ka turo. Na ce Inna, ai da Turanci take, kuma ba gani za ki yi ba. Ta ce ba ruwana, a dai sa mata wayar a hannu. Ta kuma ce ba ta ce ka dawo yanzu ba, ta san yadda zamani yake. Abu ɗaya take roƙo, ka tsare mata yarinyar har ranar da Allah zai kawo ku, don ko idon ya tafi gaba ɗaya, cinyarta da hannunta suna nan.

Baban Larai yana gaishe ka, haka Larai da ƙannenta, da Baffa Balarabe, da Gwaggo Zuliha. Ka gaishe mini da Fadima, ka ce kukar da kuɓewar da ke cikin ƙullin da na ba Abdulƙadir nata ne. Ka shafa mini kan Ummi. Inna ba ta ba da gaisuwa ba, ta ce tata tana nan ajiye sai ta ji ka isar da aikenta.

Taka yayarka mai kewarka,
Hure