Ƙafar Baba da Keken Ɗinki

Yayata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jaririya. Mu ma lafiya, sai gajiyar asibiti.

An cire wa Baba ƙarfen da aka sa masa a ƙwauri lokacin da babur ya karya shi. Kin san yadda ya matsa a cire, wai ƙashi ya haɗe kuma ƙarfen na yi masa tsami in yana taka keken ɗinki. Aikin bai zo da sauƙi ba. Ƙashi ya tofo ya rufe ƙarfen, sai da aka kankare, ɗaya daga ƙusoshin da suka riƙe ƙarfen kuma ta karye a ciki, aka haƙa kafin a zaro ta. Da Baba ya farfaɗo ya duba ɗinkin, ya ce da ɗan koyo ne ya yi masa irinsa da ya sa shi ya warware. Umma ba ta yi dariya ba.

Hutu ya ƙare, ban koma makaranta ba. Umma na kasuwa, ni ke jinya.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ki, ya jaririya? Ki yi haƙuri da rubutun, hannuna a mace yake.

Mun sake dawowa asibiti. Wancan karon da za a sallame mu, likita ya ce ramukan ƙusoshin ba su cike ba, kada Baba ya taka ƙafar. Muna isa gida masu kawo ɗinki suka fara sallama, kowa da ledarsa. Baba ya sa aka shigo da keken ɗaki. Ya ce tafiya aka hana shi, ɗinki kuwa a zaune ake yin sa. Na so in yi magana, amma kin san bakina ba ya buɗuwa a gabansa. Ina wanke-wanke na ji keken ya tsaya a tsakiyar layin ɗinki, sannan ya kira ni a hankali.

Ƙashin ya tsage daidai ramin da aka haƙa. An mayar masa da wani ƙarfe, wanda ya fi na da tsawo.

Taki,
Auta

Yayata,

Da fatan kun tashi lafiya. Umma na gaishe ki.

Mun koma gida, yanzu ni ce ƙafar Baba. Ina zama a ƙaramar kujera ta bayan keken ina takawa, shi yana riƙe da yadi yana cewa taka, tsaya, taka. Yana tsokanata wai ya yi sabon inji mai cin abinci. Da yamma cinyoyina ciwo suke yi, ina buɗe littafi barci ke ɗauke ni.

Malamar ajinmu ta aiko cewa in ban koma kafin jarrabawa ba, sai na maimaita shekara. Na gaya wa Umma, ban gaya wa Baba ba. Jiya ya shimfiɗa wani yadi, na yi ta takawa ban kula ba. Sai da ya sa aljihu na gane kayan makarantarmu ne. Ya miƙo min ya ce in rataye a bayan ƙofa.

Yaya, ban saba roƙo ba. Ki nemi izinin maigidanki ki zo, ko na wata guda ne. Takawar ba wuya, zan koya miki kafin in tafi.

Ƙanwarki mai jiran amsa,
Auta